Daga Farin 1973 Zuwa Dokar Ta-ɓaci: Yadda Gwamnatocin Najeriya Suka Yi da Yunwa

Daminar 1972 ba ta yi kyau ba a arewacin Najeriya, ta 1973 kuwa ta fi ta muni. Tun daga Sakkwato da Katsina da Daura har Gumel da Gashuwa da gaɓar tafkin Chadi, gero ya ƙone a tsaye bai fid da kai ba, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka riƙa faɗuwa a kan burtali. Buzaye da Adarawa suka gangaro daga Nijar da 'yan komatsansu, suka zube a gefen kasuwannin Kano da Sakkwato. A Yamai, ranar 15 ga Afrilu 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka hamɓarar da Shugaba Diori Hamani, kuma cikin laifuffukan da suka lissafa wa gwamnatinsa har da yadda aka yi wasa da hatsin agaji. A Legas abin bai kai ga haka ba, domin a daidai lokacin farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, baitulmalin gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya cika. Daga wannan fari ne gwamnatin tarayya ta fara ɗaukar cikin talaka a matsayin nauyin da ya rataya a wuyanta.

Yunwa dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tsofaffi sun riƙe sunan Ƙaƙalaba, wadda ta yi mummunan ta'adi a 1914, da 'Yar Buhu ta 1927. Amma garkuwar mutane a da tana cikin gida ne da cikin gari. Magidanci kan zuba damman gero da dawa a rumbu ba tare da an sussuka ba, su shekara biyu ko uku ba su lalace ba. Akwai zakkar hatsi da ake tarawa wurin masu gari, akwai sarakunan noma da attajirai da ake jingina da su in abu ya ɓaci. Turawan mulkin mallaka suka zo da harajin kuɗi, ana kuma karɓarsa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, don haka wanda ba shi da gyaɗa ko auduga tilas ya fasa rumbu. Titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta samu kasuwa, daga baya aka kafa hukumomin da ke sayen amfanin gona a farashin da suka yanke, su sayar a Turai da riba. Da rarar wannan ciniki aka yi ayyuka masu yawa a Jihar Arewa zamanin Sardauna, babu mai musun haka. Sai dai hankalin hukuma yana kan abin da za a loda wa jirgi ne. Gero da dawa da wake an bar wa manomi da Ubangijinsa. Wannan hali na sayarwa da araha da kaka, a dawo a auno da tsada a tsakiyar damina, shi ne tushen yunwar karkara, kuma shiri bayan shiri ta gefensa ya riƙa wucewa.

Da kuɗin mai suka samu, tunanin masu mulki da masu ba su shawara shi ne, tun da ruwan sama ya yi gardama, a tare na kogi. A 1973 aka kafa hukumar raya tafkin Chadi da ta kogunan Sakkwato da Rima, a shekarar kuma aka buɗe bankin manoma a Kaduna. Zuwa 1976 hukumomin kula da koguna sun zama goma sha ɗaya. A Kano, Gwamna Audu Bako ya riga ya yi nisa da madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, aka ja ruwanta zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Cikin manyan ayyukan ruwa na wancan zamani, ita ce ta fi abin nunawa: duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da rani ya ga tumatir da shinkafa da albasa hagu da dama, ya ga aikin Tiga. Amma mutanen Haɗejiya da Nguru, waɗanda ambaliyar shekara-shekara ke shayar musu da fadamu ta kawo musu kifi, su ne suka biya wani ɓangare na kuɗin, domin tafiyar ruwan ta canja, daga baya ciyawar kacalla ta toshe musu magudanai. A kudancin tafkin Chadi kuwa, wajen Marte, an yanka hanyoyin ruwa don shayar da hekta fiye da dubu 60, kafin a ci moriyar aikin tafkin ya ja da baya ya bar injuna a tsandauri.

Bakolori ce ta fi ciwo. An datse kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama madatsar a 1978. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane zuwa matsugunan da ƙasarsu ba ta kai wadda suka baro albarka ba. A ƙasan madatsar kuma aka karɓe gonakin jama'a domin a baje su a yanka hanyoyin ruwa. Katafila ta share iyakoki da itatuwan da aka gada kaka da kakanni, wasu suka yi damina biyu ko uku ba su shuka komai ba, diyya kuwa sai jeka-ka-dawo. Can gaba, masu noman shinkafa a fadamun da ambaliya ke cikawa suka ga ruwa ya daina isowa kamar da. Manoma suka kai kuka ba a saurare su ba, sai suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen Afrilu 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta ambaci adadin da bai kai mutum talatin ba, mutanen yankin da masu binciken da suka bi sawu suka ce ɗaruruwa ne. A cikin wannan wata ne gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙaddamar da nata shirin wadata ƙasa da abinci. Ni a wurina, duk wanda zai rubuta tarihin noma a Najeriya ya tsallake Birnin Tudu bai yi wa mamatan adalci ba, domin a can aka ga iyakar inda shirin da ba a yi shawara da manomi ba zai iya kaiwa.

A daidai wannan zamani akwai wani aiki da bai yi amo kamar madatsun ba, amma ya fi su canja abin da ke cikin tukunya. A 1975, da rancen Bankin Duniya, aka buɗe ayyukan raya karkara a Funtuwa da Gusau da Gombe. Babu wani abin mamaki a cikinsu: hanyoyin burji daga ƙauye zuwa kasuwa, ƙananan cibiyoyin sayar da taki da iri kusa da manomi, malaman gona a kan babur, da ƙananan madatsu. Tare da su aka yaɗa sabon irin masara da masu bincike na Ibadan da na Samaru ta Zariya suka inganta. Kafin nan masara abar bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya kafin gero ya nuna. Cikin shekaru kaɗan ta mamaye ƙasar Funtuwa da Bakori da Giwa da Saminaka, tuwon masara ya shiga gidajen da ba su san shi ba. An soki aikin da cewa manyan manoma ne suka fi kwasar garaɓasarsa, kuma akwai gaskiya a sukar. Haka nan masara ba ta yi sai da takin zamani, don haka ta ɗaure manomi a jikin buhun taki har yau. Duk da haka, an ga amfaninsa har aka faɗaɗa tsarin zuwa jihohi, inda aka samu irin su hukumar KNARDA a Kano.

Shirye-shiryen da suka fi suna kuwa su ne suka fi ƙarancin tasiri. A watan Mayu 1976 Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa da aka sani da OFN. Aka ce kowa ya yi noma, ma'aikaci ya shuka bayan gidansa, barikin soja da makarantu su buɗe gonaki, aka tura ɗaliban jami'a ƙauyuka lokacin dogon hutu, wasunsu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Gwamnatin tarayya ta karɓe sayo taki da raba shi, tana ɗauke wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa. A 1978 aka yi dokar mallakar ƙasa da ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, ta kuma sauƙaƙa wa manya samun takardar mallakar ɗaruruwan hekta. Shirin Shagari na Green Revolution ya ɗora daga nan, ya ƙara da motocin noma da rance. Amma a lokacin naira tana da ƙarfi ƙwarai, har abincin waje ya fi na gida araha a kasuwar Legas. Shinkafar da ake shigowa da ita ta tashi daga 'yan dubban tan a farkon shekarun 1970 zuwa ɗaruruwan dubbai kafin ƙarshensu, alkama kuma ta haura tan miliyan ɗaya a shekara, burodi ya zama abin karin kumallon birni. Gwamnatin da ke kiran a koma gona ita ce ta kafa kwamitin shigo da shinkafa ƙarƙashin Ministan Sufuri Alhaji Umaru Dikko, aka yi ta zargin cewa lasisin shigo da ita ya zama ladan 'yan jam'iyya.

Sai farashin mai ya faɗi, fari ya dawo a 1983 da 1984, cutar bushiya ta afka wa shanu. Waɗanda suka yi wayo a lokacin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari ba su manta da dogayen layukan sayen shinkafa da madara da sukari ba. Janar Ibrahim Babangida ya juya akalar baki ɗaya. A 1985 aka hana shigo da shinkafa da masara, a 1986 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar naira, aka kafa hukumar DFRRI don hanyoyi da rijiyoyin karkara, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta hatsi mai hedikwata a Minna. Ba a yi kukan rashinsu sosai ba, domin sun yi ƙaurin suna wajen danne farashi da jinkirin biya. Amma ba a kafa komai a gurbinsu ba, sai manomi ya rage daga shi sai ɗan kasuwar da ke zuwa da mota ranar kasuwa.

Daga Janairu 1987 aka hana shigo da alkama. Gwamnonin soja na Kano da Borno da Sakkwato suka shiga gasar nomanta, aka raba iri da injuna, manoman Kadawa da Haɗejiya suka samu kuɗi na ɗan lokaci. Alkama tana son sanyin hunturu, ba ko'ina take yi ba, abin da aka noma bai kusa da bukatar masu niƙa fulawa ba, fulawar sumoga ta cika kasuwa ta kan iyakokin Benin da Kamaru. A 1992 aka ɗage haramcin, waɗanda suka zuba jari suka kwana ciki. Haramcin shinkafa ma a 1995 aka janye shi. Tun daga nan ƙofar ƙasa ta zama abar buɗewa da rufewa gwargwadon wanda kukansa ya fi ƙarfi, mai ci a birni ko mai noma a ƙauye.

Takin zamani kuwa ya koma kayan siyasa. Daga tarayya a ba jiha, jiha ta ba ƙaramar hukuma, daga nan sai kansila da mai unguwa da shugaban jam'iyya, kowa ya gutsura. Sau da yawa sai masara ta yi bunni takin zai iso, mutum biyar ko goma su raba buhu guda a kwano, alhali ga shi jibge a kasuwa da tambarin gwamnati, wani kuma ya tsallaka Maraɗi ko Marwa. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye tallafin a 1997, amfani da taki ya faɗi, aka maido da kashi 25 cikin 100 a 1999.

In aka tambaye ni wane shiri ne ya fi shiga jikin talaka a duk wannan tarihi, ba zan yi jinkiri ba wajen cewa na fadama ne. Noman rani da jigo ya daɗe a ƙasar Hausa, amma mutum da guga ba ya iya shayar da fiye da ɗan fage. A shekarun 1980 hukumomin raya karkara na Kano da Sakkwato da Bauci suka fara gwada wata dabara mai araha: a huda ƙaramar rijiya a fadama inda ruwa ke kusa, a zura bututu, a jona ɗan injin fetur da mutum ɗaya zai iya ɗaurawa a keke. A 1993 aka mai da shi shirin ƙasa da rancen Bankin Duniya, aka yi zango na biyu da na uku a shekarun 2000. Ba a tashi kowa daga gonarsa ba, ba a gaya wa kowa abin da zai shuka ba. Injin na manomi ne, in ya lalace akwai makaniki a kasuwar ƙauye, in ya ga riba ya sayi na biyu da kuɗinsa ba tare da jiran gwamnati ba. Albasar Aliero, da shinkafar rani ta Argungu da Suru, da tattasai da attaruhun da ke cika manyan motoci zuwa kudu, duk da wannan inji aka yi su. Samarin da a da suke tafiya cin rani da zarar an gama girbi suka samu abin yi a gida, gidan da ke da kuɗin albasa a aljihu kuma ba ya gaggawar sayar da geronsa. Illarsa ita ce fadamar nan ita ce makiyayar rani ta Fulani, da aka kewaye ta da shuka sai mashaya da burtali suka ƙuntata, aka ƙara wa rikicin manoma da makiyaya itace. Zango na biyu na shirin ya yi ƙoƙarin zaunar da manomi da makiyayi da masunci a ƙungiya ɗaya, amma an makara a wurare da dama.

Bayan dawowar mulkin farar hula, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 10 cikin 100 na kasafinta ga noma. Gwamnatin tarayya ba ta cika wannan alkawari ba. Obasanjo ya yi shirin rogo da na shinkafa, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wadatar abinci cikin ƙudurorinsa bakwai, da tsadar abinci ta duniya ta zo a 2008 ya fitar da hatsi daga rumbunan gwamnati, ya dakatar da harajin shigo da shinkafa na wata shida. Sabon abu ya zo ne a zamanin Goodluck Jonathan, lokacin da Ministan Noma Dakta Akinwumi Adesina ya fito fili ya ce kashi 11 cikin 100 na manoma kaɗai ke ganin takin gwamnati. Daga 2012 aka cire hannun hukuma daga saye da rabo. A yi wa manomi rajista, saƙo ya shigo wayarsa, ya je wurin dillalin da aka amince da shi ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi, a haɗa masa da iri. Akwai ƙauyukan da babu sabis, akwai sunayen bogi, buhu biyu kuma ba ya isar mai gona babba. Amma mutane da yawa a lokacin ne suka fara karɓar taki ba tare da sun durƙusa wa ɗan siyasa ba. Bashin da dillalai ke bin gwamnati ya taru, mulki ya canja hannu a 2015, shirin ya shiririce.

Shugaba Buhari ya zo da kiran a ci abin da aka noma a gida. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, Babban Banki ƙarƙashin Godwin Emefiele ne mai zuba kuɗin. Tsarin a takarda mai kyau ne: ƙananan manoma su haɗu a ƙungiya, a ba su iri da taki da maganin feshi da inji bashi, in sun girbe su biya da shinkafa ga kamfanin casa da aka haɗa su da shi. Babban Banki ya kuma hana masu shigo da shinkafa dala a farashin gwamnati, aka ƙulla yarjejeniya da Maroko a ƙarshen 2016 da ta sauko da buhun taki zuwa naira 5,500 na wasu shekaru. Noman shinkafa ya bunƙasa ba shakka. Manyan injinan casa suka tashi a Argungu da Birnin Kebbi da Kano, Kebbi da Legas suka fitar da shinkafar haɗin gwiwa, manoman da ba su taɓa mafarkin aikin Hajji ba suka sauke farali. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, har aka hana kai fetur garuruwan da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Jibiya da Illela da Maigatari, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga cinikin hatsi da dabbobi da 'yan'uwansu na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, sun sha wuya har zuwa Disamba 2020 da aka fara buɗe wasu daga cikin iyakokin.

Kuɗin da aka zuba a shirin Anchor Borrowers ya haura naira tiriliyan ɗaya. Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 aka maido zuwa farkon 2023, Babban Banki ya ce ya zarce rabi. Ko wanne aka ɗauka, kuɗi masu yawa sun maƙale. Wasu ambaliya ce ta cinye gonakinsu, wasu kayan sun iso musu bayan lokaci, wasu tun farko ba manoma ba ne, wasu kuma sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. A Janairu 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja, alhali buhun da ake saye wajen naira dubu 10 a 2015 ya haura dubu 30 kafin ƙarshen 2022.

Babban abin da ya ci shirin, ya ci na bayansa, shi ne rashin tsaro. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 'yan Boko Haram suka yi wa masu yankan shinkafa kisan gilla a Koshebe kusa da Zabarmari, washegari aka yi jana'izar mutum 43. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da Birnin Gwari da Shiroro, 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyuka harajin shuka da harajin girbi, inda ba a biya ba a ƙone rumbuna. Waɗannan wurare su ne ke cika kasuwannin Dandume da Dawanau da hatsi. Ba a taɓa yin wani tsarin rance ko tallafin taki da zai amfani mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa ba.

Rumbun gwamnati fa? Tun 1987 aka fara gina manyan rumbunan ƙarfe na ajiyar hatsi, suka kai talatin da 'yan kai, masu iya ɗaukar fiye da tan miliyan ɗaya. Ba kasafai ake cika su ba, a 2018 ma aka ba 'yan kasuwa hayar mafi yawansu. Lokacin kullen korona a 2020 tan dubu 70 aka ba da umurnin fitarwa, a watan Oktoba na shekarar jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Jos da Yola da Jalingo da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafi jibge ba a raba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake yi da hatsin gwamnati: sai tsada ta kai intaha ake tunawa da shi.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur, bayan makonni aka saki naira, ranar 13 ga Yuli ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci, ma'aikatar noma ta samu ƙarin suna na wadatar abinci. Litar fetur ta ninka kusan sau uku nan take, ta haura naira dubu a 2024. Ɗan injin fadamar nan da fetur yake aiki, haka motar da ke ɗauko hatsi daga ƙauye. Masu hali suka koma iskar gas ko hasken rana, marasa hali suka rage fage. A Fabrairu 2024 mata da matasa suka tare hanya a Minna, masu gurasa suka fito a Kano, aka rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Gwamnati ta ba da umurnin fitar da tan dubu 42, wanda in aka raba wa mutum miliyan 200 ko rubu'in kilo ba wanda zai samu. Tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar, a watan Yuli aka sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, a farkon Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa da ta ci rayuka a Arewa. Ƙididdigar da gwamnati ke yi tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mutum fiye da miliyan 30 na cikin matsanancin ƙarancin abinci a watannin daminar shekarar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara fiye da 600 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shidan farko na 2025 saboda tamowa.

A 2025 farashin hatsi ya sauko, mai saye a birni ya ɗan numfasa, kuma ya cancanci wannan sauƙi. Amma taki da maganin feshi da fetur ba su sauko ba. A kasuwanni da dama buhun masara ya kasa sayen buhun taki, manoman da suka ci bashi suka yi noma suka kasa fita, da yawa suka ce za su koma dawa da gero da waken suya da ba su cin taki sosai. An sha sanar da cewa gwamnati za ta sayi rarar amfanin gona a farashin da ba zai karya manomi ba, abin da ake saye dai bai taɓa kai yawan da zai motsa kasuwa ba.

Roƙona ga 'yan majalisar tarayya da gwamnonin jihohin da ke noma hatsi shi ne su mai da wannan saye doka, ba alherin shugaba mai ci ba. A ware kuɗinsa a kasafi, a sanar da farashi tun kafin shuka, a saya daga Oktoba zuwa Disamba a kasuwannin ƙauye, a ajiye a ƙananan hukumomi kusa da masu bukata, a fitar daga Yuni zuwa Agusta. Kowane wata kuma a karanta wa jama'a a rediyo buhu nawa ya shiga kowane rumbu, nawa ya fita, da sunan wanda ya sa hannu.